Muna Kallon Ingarma, Ƙuru Yana Ɓace Mana

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban titin Nima ran Salla da la'asar ya san irin kallon da ake sha. Ga kiɗa, ga samari sun naɗa rawani, dawaki sun sha jalala da linzamin ado, ana ta sukuwa da zamiya har Mamobi. To amma mu da sana'armu ita ce duba dabba, in Salla ta sake zagayowa mu ɗan sunkuya mu duba da kyau. Akwai akawal, akwai kili, akwai danda, amma kusan dukansu maza ne, sayo su aka yi daga arewa. Goɗiya sai an tona. Duƙushin da aka haifa a nan Ankara kuwa, wa ya taɓa nuna mana shi?

Wannan magana ta shafe mu fiye da kowa, domin Nima kanta ɗan tireda ne ya kafa ta. Malam Amadu Futa, Bafillace mai fataucin shanu, shi ya karɓi filin daga hannun gidan Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930, wurin ya zama masaukin garke kafin a kai shi kasuwa. Kafin shi ma, iyayenmu fatake ba shanu kaɗai suke korowa ba. Har zuwa yaƙin Salaga na 1892, ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja yakan zo da kanwa da tufafi da dawaki, ya koma da goro. Sun san abu ɗaya sarai: doki in ya shiga kurmi kwanansa ƙidayayye ne. Tsando ya cije shi, sammore ta kama shi, ya rame ya faɗi. Shi ya sa kudu ta zama wurin da ake kawo doki ya ƙare, a sake aikawa a kawo wani. Har gobe haka muke yi. Mutum ya zuba kuɗi ya sayo ɗan Arewa daga wajen Dogondutsi ko dokin Barno mai tsayi, damina biyu uku sai ka ji ana jaje.

Alhali kuwa akwai dokin da Allah ya yi shi don irin wannan ƙasa, wato ƙuru. Gajere ne, da ƙyar gadon bayansa ya kai ƙirjin babban mutum, ga kauri, ga ƙarfin kofato, ga haƙurin yunwa. Ba sai ka ba shi gero da harawa kullum ba, ciyawar daji ta ishe shi rabin ciki. Ba mu ce sammore ba ta kama shi ba, amma ya fi manyan dawaki jure ta nesa ba kusa ba, shi ya sa ya rayu a wuraren da ingarma bai iya zama.

Kuma ba nesa yake da mu ba. 'Yan'uwanmu Kwatakwali da ke cike da Nima da Mamobi, ƙasarsu ta Sokode a Togo an san ta da irin nata ƙurun, har sunan ƙabilar ake kiransa da shi. Mahayan Sokode har yanzu suna fita wasa a bikin Gadao-Adossa, sai dai in ka lura yawancin abin da suke hawa yanzu manyan dawaki ne irin namu. A kan dutsen Jos, Birom da Ron da Irigwe suna da nasu, wanda a da suke hawa ba sirdi ba likkafa, su fita farauta da yaƙi a kansa cikin duwatsun da suka gagari mahayan sarakuna. Can kuma bakin kogin Logon, tsakanin Kamaru da Cadi, Musai sun riƙe nasu da daraja har yana shiga cikin dukiyar aure.

Me ya cinye shi? Babur ya ci kaso mai yawa, ba musu. Saurayin da kakansa ke taƙama da ƙuru yau burinsa mashin ne. Sai kuma barbara barkatai: a kai goɗiyar ƙuru wa ingarma don a sami ɗa mai tsayi, bayan haihuwa biyu uku irin ya narke, ba tsayin ba juriyar. Akwai kuma wuƙa. Wanda ya san kasuwar Obolo-Afor ta jihar Inugu ya san tirelolin dawakin da ake saukewa can ba don hawa ba ne. Amma mu faɗi gaskiya, har da raininmu. Dillali in ya ga ƙuru a kara sai ya yi dariya ya ce dokin yara ne, ya karya masa kuɗi. To mai kiwo mahaukaci ne da zai ci gaba da kiwon abin da kasuwa ta raina?

Turawan Ingila sun taɓa shiga irin wannan hali. Suna da wani ƙuru a tsaunukan Eksmo, wanda ke yawo sake a daji rani da damina, amma kowanne da mai shi, wato manoman da ke da haƙƙin kiwo a wannan fili. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin da ya rage bai wuce kamar 50 ba, saboda ɓarayin nama da ɓarnar yaƙi. Abin da ya cece shi littafi ne. Tun 1921 masu shi suka kafa ƙungiya, kowace shekara a koro garken daga daji, a duba 'ya'yan da aka haifa, a yi musu shaida, a rubuta uwa a rubuta uba. Da aka zo farfaɗo da irin, an san wanne ne na asali. Mu fa? Bafillace zai lissafa maka kakannin saniyarsa har bakwai, amma doki sai dai a ce maka “daga Nijar ya zo”, shi ke nan.

Wani zai ce ina ma wurin ajiye goɗiya a Nima, inda mutum ma da ƙyar yake samun wurin shimfiɗa tabarma? Gaskiya ne. Tsohon filin sukuwa na tsakiyar gari ma ai ya tafi, otal ɗin Kempinski ne zaune a wurin. Dawakin Salla da dama in biki ya wuce bakin teku ake kai su, a Labadi, suna ɗaukar 'yan yawon shan iska don su ci da kansu, wasu haƙarƙari a waje, abin ba kyan gani. Amma ai da yawanmu muna da garke a filayen bayan Ashaiman da hanyar Dodowa. Inda saniya hamsin ke kiwo, goɗiyar ƙuru biyu ba za su gagara ba, kuma yaron da ke bin shanun zai sami abin hawa.

Mu ne muke ratsa Paga da Boko da Sinkase, mu ne muke kwana a kasuwannin ƙauye da likitan dabbobi bai taɓa takawa ba. Duk da wahalar da hanya ta ƙara, ga rashin tsaro ga fitar Nijar da Burkina da Mali daga ƙungiyar ECOWAS a 2025, ƙafarmu ba ta daina zuwa ba. Saboda haka muke roƙon duk ɗan ƙungiyar da ya ci karo da ƙuru na asali, musamman goɗiya, ya tambayi garin da aka haife ta, da launinta, da shekarunta, da kuɗin da aka yi mata, ya kawo wa magatakarda a Tulaku ya rubuta. Littafin makaranta mai sidi kaɗan ya isa a fara da shi. Wanda kuma Allah ya hore wa, ya taya, kada ya bari mahauci ya riga shi.