Rana Na Iya Tsare Batirin Tarakta Kafin Damina Ta Faɗi

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Anaca da Inugu da Fatakwal, ko da yake cinikinsu yana kurmi, dukiyarsu tana gida. Mai sayar da albasa a Ose, da mai awon wake a Ogbete, da dillalin shanu a Garki ta Inugu, in Allah ya buɗa musu, abin da sukan fara tunani shi ne gona. Wasu sun haɗa kuɗi da 'yan'uwa sun sayi tarakta, yawanci Massey Ferguson ta hannu, wasu kuma tsohuwar Steyr irin wadda aka riƙa haɗawa a Bauchi, domin a yi musu huɗa, a kuma yi wa jama'a aikin haya.

To, amma akwai wata asara da ke faɗa wa masu irin wannan mota kusan kowace shekara, ba tare da sun lura da mafarinta ba. Da zarar an gama kwasar amfanin gona wajen Disamba ko Janairu, sai a tura tarakta cikin rumfar kwano a ƙauyen da ko turken lantarki babu, a kulle. Ran da ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, direba ya murɗa makulli, shiru. Sai a buga wa mai ita waya a Anaca a ce batir ya mutu, a aiko da kuɗin sabo. Kafin kuɗi su isa, a je birni a sayo, mako guda ya wuce, masu gonakin da suka ba da kafin alkalami sun nemi wata motar, gonar gida kuma ta yi lattin shuka.

ABIN DA KE KASHE BATIR

Batirin tarakta irin na mota ne, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago a 1859. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne da faifayen dalma a nutse cikin ruwan asid. In ya cika da caji, awo zai nuna bolt 12.6 ko 12.7. In ya sauka zuwa 12.2, to, rabin cajin ya tafi. In kuwa ya yi ƙasa da bolt 12, ya kusa zama fanko.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, batir yana zubar da cajinsa da kansa ko da ba a jona masa komai ba. A wuri mai sanyi-sanyi yakan rasa kamar kashi 4 ko 5 cikin 100 a wata. Amma duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin zubar yakan kusan ninka biyu. A Sakkwato da Katsina da Kano kuwa zafin Maris da Afrilu yakan kai digiri 40, cikin rumfar kwano ma ya fi haka. Saboda haka batirin da aka ajiye cike a Janairu, kafin Mayu fiye da rabinsa yana iya tafiya.

Wannan ma da sauƙi, da a ce caji kaɗai ake rasawa. Batirin da ya daɗe ba caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin faifayensa, ya taurare, ya hana su karɓar wuta. Shi ya sa za a kai shi wurin mai caji ya kwana, da safe ya tayar da mota sau ɗaya, washegari ya koma gidan jiya. Irin wannan batir ba tsufa ne ya kashe shi ba, zama ne.

Dabarun da aka saba kuwa ba su cika fisshe shi ba. Wasu sukan sa yaro ya tayar da motar minti biyar kowane mako, alhali wutar da aka ci wajen tayarwar ba lalle ta dawo cikin minti biyar ba, ga man gas da aka ƙona a banza. Wasu sukan ɗaure batirin a bayan babur a kai shi gari, hanya ta girgiza shi, ruwansa ya zube. Masu turi kuma sun san wahalar tura tarakta a cikin yashi.

ƘARAMIN FAIFAI YA ISA

Maganin abin yana bisa rufin rumfar. Tun 1954 masana a Amurka suka fito da faifan da ke mai da hasken rana wutar lantarki, kuma a nan Nijeriya an daɗe ana nazarinsa a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da takwararta ta Jami'ar Nsukka. A da kayan masu hali ne, yanzu kuwa har mai cajin waya a bakin tasha yana da nasa. A 2023 ma an buɗe tashar sola mai ƙarfin megawat 10 a Kumbotso ta Jihar Kano.

Mai tarakta ba ya bukatar babban faifai irin na gidaje. Ga lissafin. A ɗauka batirin mai lamba 100 ne, watau amfiya 100 yake ɗauka. Ko da yana zubar da kashi 15 a wata, abin da yake rasawa a yini bai wuce rabin amfiya ba. Faifan sola mai wat 10 yana ba da kimanin rabin amfiya a kowace awa in rana ta take, kuma a Arewa ana samun abin da ya kai awa biyar ko fiye na cikakkiyar rana a yini. Ke nan yana mayar da amfiya biyu da rabi kullum, ninki biyar na abin da ya zube. Mai wat 20 yana ba da ninki biyu na wannan, shi ne kuma ya fi dacewa, domin ƙurar hunturu da hadarin damina sukan rage ƙarfin hasken.

Amma fa a lura, wannan faifai mai gadi ne, ba likita ba. Aikinsa ya riƙe cikakken batir a cike. In aka jona masa wanda rabinsa ya tafi, mai wat 20 zai yi kwana goma kafin ya cika shi, wanda ya riga ya mutu kuwa ba zai tashe shi ba. Don haka a fara cika batirin tun ranar da za a ajiye motar.

IN AN SHIGA KASUWA

Wanda ke Anaca yana da sa'a, domin kayan nan suna nan a Babbar Kasuwa, da shagunan Titin Iweka, da kasuwar kayan lantarki ta Obosi, batura kuma a Nkpor. Na Inugu ya san Coal Camp, na Fatakwal ya san Ikoku. Abubuwa huɗu ake nema: faifai mai wat 10 ko 20 na bolt 12, da ƙaramar kwanturola, da fiyus, da waya mai kauri.

Kada a yarda da mai cewa kwanturola ba dole ba ce. Faifan da ake kira na bolt 12, in ba a jona shi da komai ba, yana fitar da bolt 21 ko 22. In aka haɗa shi kai tsaye aka bar shi watanni, zai tafasa ruwan batirin ya ƙone faifayensa. Kwanturola ita ke tsayar da caji wajen bolt 14.4, sa'an nan ta riƙe shi wajen 13.5, da dare kuma ta hana wuta komawa cikin faifan.

Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya fito da faifan cikin rana ya auna shi da mita a gaban mai saye. A duba takardar da ke manne a bayansa, a kuma duba girmansa, gama mai wat 20 na gaske yakan kai kamar santimita 35 faɗi da 45 tsawo. In an ga ɗan mitsitsi kamar tafin hannu an rubuta masa wat 50, to, an san inda aka dosa. Manyan faifayen rufin gida kuwa, masu wat 300 ko fiye, suna fitar da bolt 40 ko kusa, ba su dace da ƙaramar kwanturola ba.

Da yake fuskarsa gilashi ce, a naɗe shi da kwali, a ba direban da aka amince da shi cikin masu komawa Arewa bayan sun sauke kaya, a roƙe shi ya tsai da shi a tsaye, kada a ɗora masa buhu.

YADDA ZA A HAƊA

A kafa faifan bisa rufi yana kallon kudu, a ɗan jingine shi kamar digiri 12 zuwa 15, inda inuwar itace ba za ta faɗa masa ba. A ɗaure shi da noti saboda iska da ɓarayi. Wayar kada ta yi tsawo ainun, kuma a zura ta cikin bututu don ɓera. A cire baƙar wayar tarakta daga kan batir. A sa fiyus a jar waya kusa da batirin. Batir ake fara jonawa da kwanturola, daga baya faifai. In za a kwance kuma, faifan ake fara cirewa. Ran da za a tayar da mota, a cire wayoyin solar tukuna.

Saura aikin wanda aka bari a gida, kuma ba shi da yawa. Ya goge ƙurar faifan da tsumma mai laima sau ɗaya a mako, musamman da hunturu. Sau ɗaya a wata ya buɗe murafun batirin, in irin mai murfi ne, ya ga ko ruwa ya rufe faifayen. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ba na rijiya ba, ba kuma asid ba. Farin garin da ke taruwa a kan batir a goge shi da ruwan kanwa, amma kada ya ɗiga ciki, sa'an nan a shafa ɗan girisi. Batir mai caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, saboda haka rumfar ta kasance iska na shiga, kuma ban da taba ko ashana a kusa.

Wanda ya mutu kuma kada a fasa shi a gida, kada a bar wa yara su yi wasa da shi. Dalmar da ke ciki guba ce. Ba a manta ba da abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. A mayar da shi wurin masu sayen tsohon batir, har ma a sami na cefane.

Hausawa sun ce mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Wanda ke da tarakta a gida, shi kuwa yana kurmi, ya aika da faifan nan tun da kaka, kafin a kulle rumfa, ya kuma tabbata akwai wanda zai riƙa goge shi. Kuɗinsa duka bai kai na sabon batir guda ba, damina kuwa ba ta jiran wanda ya makara.