Idan aka ce mai fyaɗe ya mutu, wa ya ga gawarsa?

A ƙarshen shekarar 2021 labari ya karaɗe kafafen sada zumunta da wasu jaridu cewa an kashe Dogo Giɗe, ɗaya daga cikin manyan jagororin 'yan bindiga a Arewa maso Yamma. Aka ce mataimakinsa ne ya harbe shi a daji. A lokacin, ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a Jihar Kebbi, waɗanda yaransa suka sace ranar 17 ga Yunin shekarar, wasunsu suna hannunsa.

Ashe bai mutu ba. 'Yan mata 11 daga cikin ɗaliban sun shafe kusan shekara biyu a daji, inda rahotanni suka ce an yi musu auren dole. Sai a watannin Afrilu da Mayun 2023 suka fito, wasu da goyo a baya. A Maris na 2024 aka sake sanar da mutuwarsa bayan wata arangama da sojoji, amma daga baya sunansa ya sake bayyana a rahotannin faɗace-faɗacen daji. Har yau babu kotun da ta gurfanar da shi kan abin da aka yi wa yaran nan.

Ga mutanen Gummi da Bukkuyum, waɗanda ke iyaka da kudancin Kebbi, da maƙwabtansu na Anka, wannan ba labarin nesa ba ne. Dazuzzukan a haɗe suke, kuma irin waɗannan mutane ne ke shiga ƙauyukansu su kwashi mata. Duk lokacin da aka ce wani ƙasurgumi ya mutu, tambayar da ake fara yi ita ce ko an ga gawa. Mutane ba su manta ba cewa a Maris na 2018, da Dogo Giɗen ya kashe Buharin Daji, sai da aka kai gawar Gusau aka gani kafin hankula su kwanta. Gani ya kori ji.

Ƙasar da ba a rubuta mutuwa

Ba kowane labarin mutuwa ne mai laifin ke ƙirƙira da kansa ba. Wani lokaci jita-jita ce, wani lokaci gaggawar sanar da nasara ce. Amma ko daga ina labarin ya fito, shi ne ke cin riba: neman da ake yi masa yakan yi sanyi, masu ƙorafi su haƙura, shi kuma ya samu sararin jinya ko sauya daji. Haka aka yi ta sanar da mutuwar Abubakar Shekau tun 2009 yana sake fitowa a bidiyo, kafin mutuwarsa ta gaskiya a Mayun 2021.

Abin da ke sauƙaƙa wannan a yammacin Zamfara shi ne rashin rubutu. Doka ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa alhakin rajistar haihuwa da mutuwa, amma a ƙauye mutum kan rasu da safe a binne shi kafin azahar, ba takardar likita, ba ta hukuma. A hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, gwamnatin jihar ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Inda aka kasa daidaitawa kan adadin mutanen da aka yi wa salla aka binne a gaban jama'a, tabbatar da mutuwar wanda ke ɓoye a ƙurmin daji ya fi wuya.

Alhali dokokin da ake da su ba sa karɓar mutuwa da ka-ce-na-ce. A fiƙihun Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace takan kai ƙara ga alƙali, a yi bincike, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takabar wata huɗu da kwana goma. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 kuma ta ce sai an shekara bakwai ba a ji ɗuriyar mutum ba kafin kotu ta ɗauka ya mutu. Mijin da ya ɓace sai an jira shekaru, amma wanda ake nema ruwa a jallo sanarwa guda ta isa a rufe babinsa.

Waɗanda suka shirya mutuwarsu

A wasu ƙasashe an ga masu laifin fyaɗe da suka tsara mutuwar bogi da hannunsu. Thabo Bester na Afirka ta Kudu, wanda ya riƙa yaudarar mata ta Facebook, yana zaman ɗaurin rai da rai kan fyaɗe da kisan kai a gidan yarin Mangaung lokacin da aka tarar da ƙonanniyar gawa a ɗakinsa a Mayun 2022. Hukuma ta sanar cewa ya mutu. Binciken gawar ya nuna mamacin ya rasu ne sakamakon duka a ka tun kafin wutar, gwajin ƙwayoyin halitta na DNA kuma ya nuna ba Bester ba ne. Kafar labarai ta GroundUp ce ta yi ta bibiyar zancen har hukumar gidajen yari ta amsa a Maris na 2023 cewa ya tsere. A watan Afrilu aka kama shi a Arusha ta ƙasar Tanzaniya.

Shi kuwa Ba'amurke Nicholas Rossi, wanda tun 2008 wata kotu a jihar Ohio ta taɓa samunsa da laifin cin zarafin mace, an wallafa sanarwar rasuwarsa a 2020, aka ce cutar kansa ce ta kashe shi. A Disambar 2021 aka gano shi kwance a wani asibiti a birnin Glasgow na Scotland yana jinyar korona da sunan Arthur Knight. Ya dage cewa shi maraya ne ɗan ƙasar Ireland, bai taɓa taka Amurka ba. Zanen da ke jikinsa da hoton yatsunsa suka tona shi. An mayar da shi Amurka a Janairun 2024, kuma a 2025 kotuna biyu a jihar Utah suka same shi da laifin yi wa mata biyu fyaɗe a 2008.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a duka shari'o'in biyu ba da kansa ya ƙure ba. An ajiye samfurin da aka ɗauka a jikin wadda aka yi wa fyaɗe har shekaru, an ajiye hoton yatsu, an binciki gawa, an samu 'yan jaridar da suka ƙi sakin zancen.

Dokoki masu zafi

A Najeriya, muhawarar ta fi karkata ga tsananin hukunci. A Yunin 2020 'yan sanda a Kano suka kama wani mutum da ake zargi da yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda a Kwanar Dangora, daga yarinya 'yar shekara 10 har tsohuwa 'yar 80. A watan ne gwamnonin ƙasar suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. A Satumba, Gwamna Nasir El-Rufai na Kaduna ya sa hannu kan dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe, da dandaƙa da ɗaurin rai da rai idan wadda aka yi wa ta haura haka.

Masu goyon bayan dokar na ganin wanda ya maimaita irin wannan laifi ya nuna ba zai daina ba, don haka a raba shi da abin da yake cutar da mutane da shi. Shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lokacin, Michelle Bachelet, ta soki dokar, tana mai cewa tabbacin za a hukunta mai laifi ne ke hana laifi fiye da zafin hukuncin. Wasu kuma na fargabar cewa idan hukuncin kisa ne, iyalai za su ƙara rufe maganar, tunda sau da yawa mai laifin ɗan uwa ne ko maƙwabci.

Zamfara ba ta rasa doka ba. Kundin hukunce-hukuncen Shari'a da ya fara aiki a jihar a Janairun 2000 ya tanadi jifa ga mai fyaɗen da ya taɓa aure, bulala 100 da ɗaurin shekara guda ga wanda bai taɓa ba, tare da biyan sadakin wadda aka zalunta. Malaman Malikiyya irin su Alƙali Abubakar Ibnul Arabi sun sanya ƙwace mace da makami a babin fashi, har suna ganin ya fi fashin dukiya muni. A 2022 kuma Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu kan dokar kisa ga 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane da masu kai musu bayanai.

Matsalar tana wajen hujja da zartarwa. Idan aka bi da fyaɗe ta hanyar tabbatar da zina, sai da shaidu huɗu ko iƙirarin mai laifi. Jihar ta ga illar haka a Janairun 2001, lokacin da aka yi wa wata matashiya daga ƙaramar hukumar Tsafe bulala 100 saboda cikin da ta ɗauka, mazan uku da ta ce sun tilasta mata kuwa suka musanta aka sallame su. Ba a taɓa zartar da hukuncin jifa a Najeriya ba tun dawowar Shari'a, kuma rabon da a zartar da hukuncin kisa a ƙasar tun 2016 a Jihar Edo.

Kafin a kai ga hukunci

Kalmar "mai maimaita laifi" tana buƙatar a ce an rubuta laifin farko. Dokar hana cin zarafin mutane ta tarayya ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta tanadi kundin sunayen waɗanda aka samu da laifin fyaɗe, kuma hukumar NAPTIP ta ƙaddamar da shi a Nuwamban 2019. Sai dai sunan da bai je gaban hukuma ba ba ya shiga kundi. Maganar da aka kashe a zauren mai gari, aka biya kuɗin magani, aka ce a rufa asiri saboda auren yarinya, ba ta barin wata alama. Mutumin ya koma wani gari a matsayin baƙo mai tsabta.

Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki a Anka lokacin annobar gubar dalma ta 2010, ta yi gargaɗi a 2021 cewa matan da aka yi wa fyaɗe a Zamfara na isa asibiti a makare saboda tsoron hanya da kunya. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'o'i 72, kuma a waɗannan kwanakin farko ne likita ke iya tattara shaidar da kotu za ta karɓa. Macen da ta yi watanni a daji, ko wadda ƙauyenta ke da nisa da babban asibitin Gummi ko na Bukkuyum kuma hanyar na hannun 'yan bindiga, takan rasa duka biyun.

Saboda haka tambayar ko a dandaƙe mai maimaita fyaɗe, ko a kashe shi, ko a ɗaure shi har mutuwa, tana zuwa ne bayan wasu tambayoyi masu sauƙi. An rubuta ƙorafin farko? An ɗauki hoton yatsunsa? Idan aka ce ya mutu, wa ya ga gawar, kuma wa ya sa hannu? 'Yan matan Birnin Yawuri sun koma gida tun 2023. Mutumin da ya tsare su an sanar da mutuwarsa sau biyu, ba a karanta masa tuhuma ko sau ɗaya ba.