Tsintsiya a Kan Jirgin Bibb

Ranar 13 ga Oktoba 1947, wani jirgin sama irin mai sauka a kan ruwa, Boeing 314 da ake kira Bermuda Sky Queen, ya tashi daga Foynes a ƙasar Ayilan zai ƙetare tekun Atilantika zuwa garin Gander da ke ɗaya gefen tekun. Mutum 69 ne a ciki, fasinja 62 da ma'aikata 7, kuma an yi masa lodi fiye da kima.

Dare ya raba, iska ta taso ta gabansa tana danne shi. Da gari ya waye, matuƙin, Charles Martin, saurayi ɗan shekara 26, ya yi lissafi ya ga man da ya rage ba zai kai su Gander ba, ba kuma zai mayar da su Ayilan ba. Sai ya juya ya nufi wani jirgin ruwan masu gadin gaɓar Amurka mai suna Bibb, wanda aka girke a tsakiyar teku don duba yanayi.

Igiyar ruwa a ranar ta kai ƙafa 30. Sauke jirgi mai nauyi haka a irin wannan teku ganganci ne, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Martin ya sauka lafiya, ko ƙwarzane ba wanda ya samu.

Sauka ashe ita ce mai sauƙi. Da jirgin ya matso kusa da Bibb, igiyar ruwa ta ɗaga shi ta maka shi a jikin jirgin ruwan, hancinsa ya lotse. Dole aka ja baya. Kyaftin ɗin Bibb, Paul Cronk, ya sa aka riƙa kwaso mutane kaɗan-kaɗan a kwalekwalen roba da ƙananan jiragen ceto, mata da yara suna ta amai. Wani jirgin ceton ma ruwa ya cika shi, sai tsamo mutane aka yi ɗaya bayan ɗaya. Duhu ya yi ba a gama ba, sauran suka kwana a cikin jirgin yana ta tangal-tangal, sai da safe aka kwashe su.

Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Jirgin saman kuwa ba ya jawuwa, aka buɗe masa wuta har ya nutse.

Da Bibb ya shigo tashar Boston, mutanen da suka taru sun ga tsintsiya ɗaure a can saman sandarsa. A al'adar ma'aikatan jirgin ruwa, ma'anarta an share tas, ba a bar kowa a teku ba.