Allon Tuƙin Tsaye: Haya Ko Saye?

A nan Nottingham inda nake zaune, da zarar rana ta leƙo a watan Yuni sai kogin Trent ya cika da mutane a tsaye a kan ruwa, kowa riƙe da dogon filafili yana tuƙa wani faffaɗan allo. Wanda ya taɓa ganin masunta a Yawuri suna tuƙa kwale-kwale a tsaye ba zai yi mamakin tsayuwar ba. Abin da zai ba shi mamaki shi ne allon ba shi da baki ko gefen da za a dafa, shimfiɗaɗɗe ne kawai. Tsawonsa ya kan kai mita 3 da ɗoriya, faɗinsa kuma kimanin santimita 80.

Wasan a sigarsa ta yau daga Hawai ya fito. Masu koyar da hawan igiyar ruwa a gaɓar Waikiki ne suka riƙa tsayawa a kan allunansu da filafili don su hango ɗalibansu, daga baya kuma, a farkon shekarun 2000, Laird Hamilton da Dave Kalama suka fito da shi idon duniya. A Birtaniya kasuwarsa ta buɗe sosai a 2020, lokacin da korona ta hana mutane tafiya hutu ƙasashen waje, kowa ya koma neman abin yi a kogin da ke kusa da gidansa.

Tambayar da 'yan uwa suka fi yi mini idan sun ɗanɗana sau ɗaya ita ce: in sayi nawa, ko in ci gaba da haya? Amsata ita ce a yi haya tukuna, har bazara guda ta wuce. Ba don kuɗi kaɗai nake faɗin haka ba, ko da yake da kuɗin mutane suke fara lissafi.

A ce hayar awa ɗaya fam 20 ce, allo mai ɗan kyau kuma fam 400. Lissafin kan takarda ya nuna cewa fita ashirin ta mayar maka da kuɗinka. Sai dai allon ba shi kaɗai ake saye ba. Akwai rigar da ke hana nitsewa. Akwai rigar robar da ke riƙe ɗumin jiki, domin ƙungiyar ceto ta RNLI tana gargaɗin cewa ruwan da ɗuminsa ya yi ƙasa da digiri 15 zai iya ƙwace wa mutum numfashi da zarar ya faɗa ciki, kuma yawancin shekara ruwan ƙasar nan bai wuce haka ba. Akwai kuma lasisi. Yawancin magudanan jirage da wasu koguna na Ingila da Wales, har da ɓangaren Trent da ke ratsa garinmu, ba a hawansu sai da izini, wanda mutane da yawa suke samu ta hanyar biyan kuɗin shekara ga ƙungiyar Paddle UK. Mai bayar da haya ya riga ya haɗa duk wannan a cikin fam 20 ɗinsa. Sannan fita ashirin ba wasa ba ce a ƙasar da ranakun ɗumi suke a ƙidaye, ga aiki, ga hidimar yara.

Allunan iri biyu ne. Akwai mai tauri, wanda cikinsa soso ne aka lulluɓe da zaren gilashi da ƙaro. Ya fi gudu, ya fi daɗin tuƙi, amma sai mai gareji da mota mai abin ɗora kaya a samanta. Irinmu da ke zaune a hawa na biyu ba ma ko kallonsa. Namu shi ne na hurawa. Dubban zaruruwa ne a cikinsa suke haɗa fatar sama da ta ƙasa, shi ya sa idan aka cika shi da iska yake miƙewa ya yi ƙarfi kamar katako. Nauyinsa ya kan kai kilo 9 ko 10, kuma yana naɗuwa ya shiga babbar jakar goyo.

Masu talla a nan suke tsayawa, ba sa faɗin sauran aikin. Hura shi da famfon hannu ya kan ci minti goma, kuma mintunan ƙarshe sai ka haɗa da gumi, kafin ma ka taɓa ruwa. Idan ka dawo sai ka wanke shi, ka shanya shi ya bushe ƙayau, don in ka naɗe shi da danshi zai yi funfuna ya yi wari. Wankin kuma ba don tsafta kaɗai ba ne, ana buƙatarsa don kada ka ɗauko ciyawa ko ƙwari daga wani tafki ka kai wani. In ka bar shi cike da iska a cikin rana, iskar tana kumbura har ta ɓalle haɗin gefe. Wannan hidimar ce take sa alluna da yawa su kwana a ƙarƙashin gado shekara da shekaru.

Amma babban dalilina yana bakin ruwa. Idan ka je wurin haya na ƙwarai, mutumin da zai miƙa maka filafili ya san ruwan nan. Zai gyara maka tsawon filafilin ya ɗara kanka da kamar taƙi ɗaya. Zai ce ka fara a durƙushe. Zai nuna maka inda ba a wucewa, kuma ranar da iska take kaɗawa daga tudu zuwa cikin teku zai ce yau babu haya, ka koma gida. Mutum a tsaye a kan allo mara nauyi iska ce take sarrafa shi, ta yi ta jan sa nesa da gaɓa yana tuƙi ba ya ci gaba. Wanda ya sayi allonsa ta intanet aka kawo masa a kwali, babu mai ce masa kul.

Ko igiyar da ake ɗaure mutum da allonsa tana da ilimi. A tafki ko teku mai kwanciya ana ɗaura ta a idon sawu, kuma tana ceton rai, don allon ba zai gudu ya bar ka ba. A kogi mai gudu kuwa, in igiyar ta sarƙe a reshe ko ginshiƙin gada, ruwa zai danne ka ka kasa kai hannu ƙafarka. A can ɗamarar ƙugu mai saurin kwancewa ake ɗaurawa.

Na ce wurin haya na ƙwarai, da gangan. A ranar 30 ga Oktoban 2021 wani haɗari da ya ci ran mutum huɗu ya auku a garin Haverfordwest na Wales, a wani yawon tuƙi da aka biya kuɗi aka shiga. Bayan ruwan sama mai yawa, ayarin ya bi ta kan wata ƙaramar madatsa a kogin Cleddau, ruwan da ke juyawa a gindinta ya riƙe su. Hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya ta gano cewa jagororin ba su da horon da ya dace da irin wannan kogi. Don haka ka tambayi mai haya takardun horonsa da inshorarsa ba tare da jin nauyi ba. In bai ba ka rigar ceto ba, ko bai yi maka bayanin ruwan ba, ka ajiye masa filafilinsa.

Akwai waɗanda sayen ya dace da su, kuma ina taya su murna. Wanda gidansa yake kusa da ruwa, wanda ya riga ya iya, yana son fita bayan sallar asuba lokacin da babu wurin hayar da ya buɗe kuma kogi yana kwance lumui, wannan ya sayi nasa. Haka mai iyali da yawa, don hayar mutum huɗu tana cin aljihu da sauri. Kuma wanda ya yi bazara guda yana haya ya gwada alluna daban-daban, ya san faɗin da ya dace da nauyinsa.

Idan lokacin sayen ya yi, a jira watan Oktoba, sa'ad da shaguna suke rage farashi, masu haya kuma suke sayar da tsofaffin allunansu. Kafin ka biya kuɗin na hannu, ka sa a hura shi ya cika a gabanka, ka shafa ruwan sabulu a haɗin gefe da bakin hurawa. In ka ga kumfa tana tasowa, iska tana fita ta wurin.