Me Ya Sa Farar Shadda Ke Canza Launi a Hoto?

A ce mai sayar da yadi a kasuwar Gusau ya ɗauki hoton farar shadda a cikin shago, ya tura wa mai saye a Tsafe ta WhatsApp. Mai saye ya ga yadi ruwan madara, ya biya kuɗi. Kaya suka iso fari fat, sai rigima. Babu wanda ya yi ha'inci a cikinsu, hasken shagon ne ya yaudari kyamara.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, kowane haske yana da launinsa. Dubi ƙarfe a maƙera: in ya fara zafi sai ya yi ja, daga nan ruwan goro, in wuta ta ci gaba sai ya doshi fari. Da wannan ne masana ke auna launin haske a ma'aunin Kelvin, wanda aka sa wa sunan Lord Kelvin, masanin Birtaniya da ya gabatar da shi a 1848. Kyandir yana wajen 1,900, tsohon ƙwan lantarki mai zare 2,700, rana tsaka 5,500, ranar gajimare 6,500, inuwa kuma kan wuce 7,000. Ƙaramar lamba na nufin haske mai ja-ja, babba kuma mai shuɗi-shuɗi.

To, me ya sa ido ba ya ruɗewa? Saboda ƙwaƙwalwa tana gyara abin da ido ya kawo mata, shi ya sa farar riga take nan fara da rana da kuma gaban fitila. Ita kyamara sai an gaya mata mene ne fari, ko kuma ta yi kintace. Wannan shi ne daidaita fari, wanda ake rubutawa WB a jikin kyamara da sashen ƙwararru na wayoyi da yawa.

In ka bar ta a kan AWB, ita ke zaɓa da kanta. Ɗaya daga cikin dabarunta shi ne ɗauka cewa in an gauraya duk launukan da ke gabanta, ruwan toka za a samu. Galibi hakan na aiki. Amma tsayar da mutum jikin katangar jar ƙasa a tsohon gari irin 'Yandoto, ka ga ja ya cika hoton. Kyamara na iya ɗaukar jan a matsayin kuskure ta rage shi, katanga ta koɗe, fuska ta yi shuɗi-shuɗi. Haka take yi wa faɗuwar rana a Dutsen Kwatarkwashi, ko hazon hunturu: ta goge launin da ka fito nema.

Mafita ita ce ka zaɓa da kanka. A waje zaɓi alamar rana, a ƙarƙashin bishiya alamar inuwa, a ɗaki mai fitila ruwan ɗorawa alamar ƙwan lantarki. In lamba kake sawa, lura da wannan: lambar tana gaya wa kyamara irin hasken da ke wurin ne, ita kuma ta rama da kishiyarsa. Don haka ƙara lamba na ƙara wa hoto ja, rage ta na ƙara shuɗi.

Inda launi ke da muhimmanci, kamar yadi, lalle ko tsohon rubutun ajami mai jan tawada, sa farar takarda a daidai inda kayan suke, ka saita kyamara da ita. Kada ka haɗa hasken taga da na fitila, domin saiti ɗaya ba zai gyara haske biyu ba, kashe ɗaya. In wayarka tana ɗaukar RAW, yi amfani da shi, don za ka iya sauya saitin daga baya ba tare da hoton ya lalace ba.

Mai shagon da wayarsa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan fa? Ya fito da yadin bakin ƙofa da hantsi, inda akwai haske amma rana ba ta dukansa, ya ajiye farar takarda a gefe. In takardar ta fito fara a hoton, launin yadin ma ya fito daidai.