Jarrabawa a Bakin Ƙofa ko Ido a Tsakar Gida?

Duk wanda ya taɓa riƙe shafin intanet da mutane ke yin rajista su yi rubutu a ciki, na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne ko na 'yan wata sana'a, ya san irin safiyar da zai buɗe kwamfuta ya tarar baƙi ɗaruruwa sun kwana a gidan. Sunayensu haruffa ne da lambobi a cakuɗe, kowannensu kuma ya bar tallar gidan caca, ko maganin ƙarfin maza, ko bashin da ake bayarwa cikin minti biyar. Akasarinsu ba mutane ba ne. Manhajoji ne da ke yawo dare da rana suna neman fom ɗin rajista, su cike, su tabbatar da imel, su zubar da shararsu, su ƙara gaba. Wata da ake kira XRumer ta yi suna a wannan ɗanyen aiki shekara da shekaru.

Ba masu karanta shafin kaɗai suke nema ba. Tun da Google ta fito a 1998 take auna darajar shafi da yawan shafukan da ke nuni zuwa gare shi, don haka duk mahaɗar da aka dasa a gidan wani riba ce. A Janairun 2005 Google da Yahoo da MSN suka amince da wata alama da mai shafi zai liƙa wa irin waɗannan mahaɗai don kada a ƙidaya su. Sharar ba ta tsaya ba, domin aika ta kusan kyauta ne, kuma ko mutum ɗaya cikin dubu ya latsa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Hanya biyu mai shafi ke da su. Ko dai ya tsaurara ƙofa, ya ce ba mai shiga sai ya ci jarrabawa, ko kuma ya sassauta ƙofar ya sa ido a kan abin da baƙo zai aikata bayan ya shigo. Ta farko irin aikin sarkin ƙofa ce a zamanin da ganuwar Kano ke tsaye. Ta biyu ta fi kama da aikin mai unguwa, wanda ba ya tare hanya amma ya san gidan da baƙo ya sauka da abin da ya kawo shi.

Jarrabawar ƙofa ita ce abin da ake kira CAPTCHA, waɗannan karkatattun haruffa ko hotuna da ake cewa ka tantance kafin a bar ka ka wuce. Injin bincike na AltaVista ya yi amfani da irinta tun 1997, amma sunan ya fito ne daga masana a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a farkon shekarun 2000, cikinsu har da Luis von Ahn ɗan ƙasar Gwatemala da malaminsa Manuel Blum. Dabarar a lokacin mai kyau ce ƙwarai: a sami aikin da yaro zai yi cikin daƙiƙa kaɗan amma ya gagari inji. Von Ahn ma ya ƙara mata amfani a 2007 da reCAPTCHA, inda kalmomin da mutane ke warwarewa suka zama kalmomin tsofaffin littattafai da jaridun New York Times da na'ura ta kasa karantawa. Google ta saye ta a 2009.

Ba na raina abin da ya sa masu shafuka ke ƙaunarta. Cikin rabin sa'a an kafa ta, kuma tana aiki lokacin da mai gida ke barci. Ga wanda ke riƙe da shafi shi kaɗai, bayan ya dawo daga wurin neman abinci a gajiye, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai tushen da aka gina ta a kai ya zaizaye. A 2014 Google da kanta ta bayyana cewa manhajarta na karanta mafi wuyar karkatattun haruffan da daidaito na kashi 99.8 cikin ɗari, abin da ɗan Adam ba ya yi. A shekarar aka kawo akwatin nan da mutum ke latsawa ya ce shi ba mutum-mutumi ba ne, da hotunan da ke biyo bayansa. A 2024 masu bincike a jami'ar ETH ta birnin Zurik suka nuna cewa manhajar gane hoto na cinye jarrabawar hotunan gaba ɗaya. Tun kafin haka ma mai shara ba ya buƙatar inji mai wayo. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a 2010 ya tarar ana ɗaukar talakawa a ƙasashe masu ƙarancin albashi suna warware jarrabawar da hannu, a kan kusan dala ɗaya kowace dubu. Wato ƙofar ba ta rufe ba, kuɗin shiga kawai aka sa mata, kuma kuɗin bai kai ya hana mai neman riba ba.

Wa ke shan wahalarta ke nan? Wannan ce tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na zauna kusa da wani dattijo, malamin makaranta mai ritaya, yana son shiga shafin tsofaffin ɗalibansa da ƙaramar wayarsa. Aka ce ya zaɓi hotunan da ke da famfon kashe gobara irin na bakin titin Amurka, abin da bai taɓa gani da idonsa ba. Ya yi iya ƙoƙarinsa, sabis ya ɗauke, hotuna suka sake lodi, aka kawo masa na danja da na motar makaranta mai ruwan ɗorawa. A karo na huɗu ya ajiye wayar ya ce, "Ɗana, bar shi kawai, data ta ƙare a banza." Mutumin nan yana ɗauke da tarihin makarantar na shekara talatin a kansa, kuma shafin ya rasa shi ba tare da kowa ya sani ba. Babban aibin jarrabawar ƙofa ke nan: sharar da ta tsallake kowa na ganinta, mutumin kirkin da ya juya kuwa babu inda aka rubuta sunansa.

Na makafi da masu raunin gani ya fi haka muni. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da takarda tun 2005 a kan yadda wannan jarrabawa ke shinge masu buƙata ta musamman. An ƙara ta sauti, amma lambobi ko kalmomin Turanci ne cikin hayaniya, wanda bai saba da lafazin ba haka zai yi ta lalube.

Akwai kuma ƙanwar jarrabawar, wato toshe adireshin intanet da shara ta fito daga gare shi. A ƙasashen da yawancin jama'a ke shiga intanet ta wayar hannu, kamar namu, kamfanin sadarwa kan haɗa dubban mutane a kan adireshi guda. Idan ɗaya ya yi ɓarna aka toshe, an yi wa gari guda kuɗin goro. A ƙarshen 2006 wani mai kula da Wikipedia ya toshe adireshi ɗaya saboda ɓarna, sai ga shi masu gyara marasa rajista daga kusan duk ƙasar Katar sun tsaya cak, domin ta ƙofa ɗaya zirga-zirgarsu ke fita. Wasu masu shafuka ma ƙasa sukutum suke rufewa don su huta.

Hanya ta biyu tana farawa ne daga wata fahimta daban. Ba ta damu da ko kai mutum ne ko inji ba, abin da ka zo yi take dubawa. Mutum mai jini da tsoka na iya zubar da shara, kuma shi jarrabawar hoto ba za ta taɓa kama shi ba. Amma mai shara, ko wane iri ne, dole ya bayyana kansa, domin in bai dasa mahaɗarsa ba ya yi zuwan banza. Hali zanen dutse ne.

A nan akwai na'ura, akwai mutum. Ɓangaren na'ura ya sami ƙarfi ne bayan maƙalar Paul Graham ta Agustan 2002, wadda ta yaɗa amfani da lissafin Thomas Bayes, wani limamin coci ɗan Ingila na ƙarni na 18, wajen tace saƙonni. Ana nuna wa matatar tarin saƙonni masu kyau da tarin na shara, ta koyi kalmomin da suka fi yawa a kowane ɓangare, sannan ta auna sabon saƙo da su. A 2005 kamfanin Automattic ya fito da Akismet, wadda ke tattara darasi daga shafuka masu ɗimbin yawa, ta yadda sharar da aka gane a wani gida za a tare ta a sauran gidaje.

Ɓangaren mutum shi ne ya fi burge ni, don ya yi daidai da yadda muke karɓar baƙo. Ba a hana shi shiga zaure, amma ba ranar da ya zo ake miƙa masa makullin rumbu ba. Manhajar Discourse, wadda Jeff Atwood da abokan aikinsa suka fito da ita a 2013, ta kasa amana hawa biyar, daga 0 zuwa 4. Sabon shiga yana iya karatu da rubutu, amma an ƙayyade masa yawan mahaɗai da hotunan da zai saka. In ya ɗan zauna ya karanta abin da wasu suka rubuta, sai a ɗaga shi ba tare da ya roƙa ba. Tsohuwar manhajar phpBB ma tana da rukunin sababbin shiga, inda za a iya riƙe rubutunsu na farko sai mai kula ya gani. Wikipedia ta Turanci sai asusu ya kwana huɗu ya yi gyara goma kafin ya taɓa wasu shafukan da aka kare. Mai shara ba shi da wannan haƙurin, kuma haƙuri ba a sayen sa dala ɗaya kowace dubu.

Ita ma wannan hanya tana da nata ciwon, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na farko, tana cin lokacin mutane. Layin rubutun da ke jiran amincewa in ya kwana biyu ba a duba ba, sabon shiga zai ɗauka an yi watsi da shi, ya tafi kamar yadda dattijon nan ya tafi. Masu kulawa yawanci sa-kai suke yi, suna gajiya, wani lokaci ma son rai ya shiga, a riƙe rubutun wanda ba a shiri da shi da sunan tsaro. Na biyu, matata tana kuskure. A 1996 matatar AOL ta hana mazauna garin Scunthorpe na Ingila yin rajista saboda wasu haruffa a tsakiyar sunan garin sun yi kama da ashar. Mu kuwa da ke rubutu da Hausa, matatar da ta koyi aikinta daga Turanci ba ta san inda muka dosa ba. Tana iya riƙe gaisuwar ta'aziyya, ta saki tallar damfara da aka rubuta da Hausa tsantsa, mai alkawarin ninka kuɗi cikin mako guda. Wannan sai ɗan gida, wanda da ya karanta layin farko ya san kifin rijiya ne ko na kogi.

Amma ga bambancin da ya sa na karkata. Kuskuren hanya ta biyu yana nan a ajiye. Rubutun da aka riƙe bisa kuskure yana cikin layi, ana iya buɗewa a saki, a ba mai shi haƙuri, matatar ma ta ƙara ilimi. Kuskuren jarrabawar ƙofa kuwa ya bi iska.

Lokacin da wannan bambanci ya fi fitowa fili shi ne lokacin ƙaura, sa'ad da aka kwashe shafi zuwa sabon masauki ko sabon suna. Makullan reCAPTCHA a ɗaure suke da sunan shafi, in sunan ya canza ba a sabunta su ba, ko dai ƙofar ta ƙi buɗuwa ga kowa, ko mai shafi ya cire ta "na ɗan lokaci" shara ta kwararo. Imel ɗin tabbatar da rajista ma kan maƙale idan ba a daidaita shaidar sabon masaukin ba, musamman tun Fabrairun 2024 da Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan karɓar saƙo. Duk wannan na iya ɗaukar makonni ba a lura ba, domin shiru ba ya kai ƙara. Shafin da ke da masu kulawa a farke kuwa, ran da sababbin shiga suka ɗauke ƙafa wani zai ce, "Lafiya kuwa? Yau kwana uku ba baƙo." Kuma kafin a kwashe kaya, yana da kyau a share asusun bogin da suka yi shekaru a kwance ba su rubuta ko kalma ba, don yawancinsu jira suke a manta da su.

Ban ce a ɓalle ƙofa a yar ba. Akwai tsaron da ba ya wahalar da kowa. Ana ɓoye wani gurbi a fom wanda idon mutum ba ya gani, inji kuwa ya cike shi ya tona kansa. Ana duba wanda ya gama cike fom cikin daƙiƙa biyu. Akwai sababbin hanyoyi irin Turnstile da Cloudflare ta fitar a 2022, masu tantancewa ba tare da hotuna ba, ko da yake su ma mai tsohuwar waya da raunin sabis ya fi faɗawa cikin zarginsu. Wadda na fi so ita ce tambaya guda da mai shafi zai rubuta da kansa, da Hausa, wadda phpBB da makamantanta suka daɗe da bayar da dama a kanta. A shafin tsofaffin ɗaliban dattijon nan, inda nake taimakawa, mun tambayi abin da ake damawa da nono a sha da ludayi. Wanda aka ɗauka haya a wata nahiya don ya warware hotuna dubu a yini ba zai tsaya neman amsar ba, kuma in wata rana manhaja ta haddace ta, minti ɗaya ya isa a sauya wata.

Dattijon nan ya dawo bayan mun cire hotunan. Ya rubuta "fura", ya shiga, rubutunsa na farko ya jira ni har bayan sallar Isha'i. Sunayen ɗaliban ajinsa na farko ne, ɗaya bayan ɗaya, da garin da kowannensu ya fito.