Wane Itace, Wane Shafi? Ga Masu Ƙananan Kayan Ado na Katako

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Bara ƙungiyarmu ta matasa a nan Dutsin-Ma ta ba wani yaro aikin ƙananan alluna na karramawa. Ranar da ya kawo su sai sheƙi suke yi, har hoto muka ɗauka. Hunturu na shigowa, rabinsu suka tsage. Yaron ya iya aiki, wallahi, amma ɗanyen itace ya saya, ya lulluɓe shi da banish. Kuɗinmu ya tafi, shi kuma sunansa ya ɓaci.

Yanzu matasa da yawa a Dutsin-Ma da Kurfi sun shiga wannan harka: maƙalin makulli, firam, allon suna, allon zayyana na sauka. Ɗaliban FUDMA, jami'ar da aka kafa a 2011, da na kwalejin Isa Kaita suna saye sosai lokacin kammala karatu. To kafin ka ɗauki zarto, ka san itacen da ke hannunka.

Masassaƙanmu na da ba su zaɓi itace da ka ba. Aduwa suke wa allo saboda naman itacen a matse yake, yana yin sumul, alƙalami ba ya tuntuɓe. Ƙirya kuwa ta turmi da taɓarya ce, don tauri. Ka ce za ka fere ƙaramin abu da ƙirya, wuƙarka ce za ta sha wahala. Maɗaci yana da ja mai kyau, shi ne dangin mahogani da ake ji a wajen kafintoci.

Ni dai in ka tambaye ni, bedi zan ce maka. Eh, bedin nan na ƙofar gidanku, wanda Kanawa ke cewa darbejiya. Asalinsa daga Indiya ne, kuma dangi ɗaya suke da maɗaci, shi ya sa zuciyarsa ke da ja-ja. Gara ba ta cika son sa ba, ana sassabe rassansa ya sake tohowa, kuma ba sai ka nufi dajin Rugu ba, inda kowa ya san halin da ake ciki. Guntayen katakon da kafintoci ke zubarwa ma sun ishi mai maƙalin makulli.

Abin da ke min ciwo shi ne a kayar da babbar bishiya saboda abin da bai fi tafin hannu ba. Ku dubi maɗobiya. An yi ta sare ta ana kai wa Chaina har sai da aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, tun farkon 2017.

Mu koma kan tsagewa. Itace ya fi fitar da ruwa ta bakinsa biyu inda aka yanke, sai bakin ya bushe ya tsuke alhali ciki na jiƙe, shi ke nan sai ya dare. Ka shafe bakunan da narkakken kyandir ko ragowar fenti. Ka jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa. Kar ka shanya a rana. Duk mako ka ɗora guda a sikeli, ranar da nauyin ya daina raguwa, ya bushe.

Sai gugar sanfefa: fara da lamba 80, ka koma 120, ka ƙare da 220, kana bin tsawon jijiyar itacen. In ka gitta, banish zai tona asirin kowane karce.

Shafi kuma ya danganta da inda abin zai zauna. Na rataye a bango ko ajiyewa kan tebur, banish ya yi, amma siriri sau biyu ko uku, kana bari ya bushe kana ɗan gogawa a tsakani. Da hunturu a ɗaki za ka yi, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ka bar taga a buɗe saboda warin tina. Cokali, akushi ko abin wasan yara da za a kai baki, kakin zuma da ɗan man kaɗe ya wadatar. Man gyaɗa yana yin ɗoyi in ya daɗe. Baƙin man mota da wasu ke shafawa don gara, a bar wa gungumen rumfa.

Allon karatu kuwa ba a masa banish sam, tunda wanke shi ake yi, wani lokaci har a sha rubutun. Na zayyana ne ake rufewa, shi ma da na fesawa, domin tawadarmu ta ruwa ce da ƙaro, burushi na taɓa ta za ta dame.

Wanda ke da hoton aikinsa da ya tsage ya turo mana, tare da sunan itacen da watan da aka sare shi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.